Tsarabar faifan ofera daga Jamus, na kalla sau huɗu kafin in ce komai

Ni dai sana'ata hayar sifika da miksa ce a nan Birnin Kebbi, biki, walima, wa'azi, taron siyasa, duk inda ake son murya ta kai ƙarshen fili to nan ake kirana, har Jega da Kalgo da Argungu muna zuwa. Na faɗi wannan ne don ku san da wane kunne na saurari abin da zan yi magana a kai, don ni ba malamin kiɗa ba ne, amma shekara da shekaru ina zaune bayan miksa, kunnena ya saba gane sautin da aka ɗauka da gaskiya da wanda aka shafa wa kwalliya a kwamfuta.

Ƙanen matata ne da ke karatu a Jamus ya zo hutu ya kawo min tsarabar faifan DVD. Da ya miƙo min ya ce, "Yaya, na san ba irin kiɗanka ba ne, amma don Allah ka saurari yadda suka ɗauki sautin, kai ne kawai na san zai gane." Na yi godiya na ajiye a kan firij ya fi sati uku ban taɓa ba. Wani dare da aka kawo wuta bayan isha'i unguwa ta yi tsit babu janareta ko ɗaya da ke kuka, na ce bari in gani. Daga wannan daren zuwa yau sau huɗu na kalle shi daga farko har ƙarshe, banda wuraren da nake ta maidowa baya.

Abin da ke ciki taron kiɗa ne da aka ɗauka kai tsaye a wani tsohon zaure na katako, ba babba ba, mawaƙa biyu mace da namiji, da makaɗa kamar goma sha biyar. Ba wasan kwaikwayo ba ne, babu kayan sarauta babu takubba, waƙoƙi kawai aka tsinto daga cikin ofera daban daban na zamanin da turawa ke kira barok, wato wajen 1600 zuwa 1750. Ofera kuwa ga wanda bai sani ba, wasan kwaikwayo ne da ake rera shi duka maimakon a yi magana, to a ciki akwai inda labari ke tafiya da wata irin rerawa mai kama da magana, sai kuma a zo inda labarin zai tsaya cak, mutum ɗaya ya fito ya zazzage abin da ke cikinsa, baƙin ciki ko fushi ko soyayya ko kishi. Wannan wurin shi ake ce wa ariya, kuma su ne aka jero a faifan nan, ana yi ana sa kiɗa zalla a tsakani don mawaƙan su huta.

Bari in fara da abin da ya fi shafar sana'ata. Wallahi babu sifika ko ɗaya a ɗakin nan. Na tsayar da hoton na duba kusurwa kusurwa, makirfo ɗin da ke wurin na ɗaukar sauti ne kawai, biyu a rataye a sama tsakiya sai wasu ƙanana a gaban wasu kayan kiɗan, mawaƙiya ba ta riƙe da komai a hannu, ba a liƙa mata komai a kunci ba, da ƙirjinta kawai take cika ɗakin. Kuma wanda ya yi miksin ɗin Allah ya ba shi haƙuri, bai matse sautin ba, in an yi ƙasa ƙasa to ƙasa ƙasa za ka ji har sai ka miƙa kunne, in aka ɗaga kuma ya taso maka gaba ɗaya. Kana jin numfashin mawaƙi kafin ya fara, kana jin kujera ta yi ƙara, kana jin yatsa na gogar tsirkiya. Mu nan mun saba da ƙure komai, eko har ya yi yawa, bes har ƙirjin mutum na rawa, duk wanda ya ba ka aiki abin da zai fara cewa shi ne a ƙara murya, to wannan faifan akasin haka ne tsaf.

Amma fa wannan kyawun shi ne kuma matsalarsa a wurinmu. Karo na biyu da na kalla da rana ne babu wuta, na tada janareta, rabin abin ya ɓace. Akwai wani abin kiɗa da suke kira tiyobo, ka ɗauka molo ne amma mai ƙaton ciki da wuya dogo da ya kusa tsawon mutum, tsirkiyarsa ta kai goma sha huɗu, sautinsa mai zurfi ne a hankali kamar mutum na magana a cikin rijiya, janareta na tashi shi ke nan ba ka ƙara jin shi sai dai ka ga hannun mai kaɗawa na motsi. Haka sifikar talabijin ma ba ta fitar da shi, balle ta waya. Don haka wanda zai kalla ya nemi hedfon mai kyau ko ya haɗa da sifika mai ɗan girma, kuma ya bari sai dare ko in yana da sola. A cikin menu akwai zaɓi biyu na sauti, sitiriyo da kuma na sifika shida, in ba ka da kayan sifika shida ɗin ka bar shi a sitiriyo, ya fi fita tas. Sannan wanda zai sa a sayo masa irin wannan daga waje ya ce a duba bayan kwalin, faifan DVD na da lambar yanki, Turai 2 ce mu kuma 5, nawa 0 ne, wato na ko'ina, shi ya sa ya kama a ƴar na'urata ba gardama.

Kayan kiɗan su ne suka fara kama ni tun kafin muryoyin. Waɗannan makaɗan ba da kayan zamani suke kiɗa ba, ko dai tsofaffin na asali ko waɗanda aka ƙera daidai da su. Gogen nasu, wato bayolin, tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce da aka murɗa aka busar ba waya ba, bakan kuma ya fi na yanzu gajarta, ya ɗan lanƙwasa waje, da na gan shi sai da na tuna bakan gogenmu. Babban gogen da ake ce wa celo ba shi da ƙarfen nan da ake dogara shi a ƙasa, matar da ke kaɗa shi a tsakanin ƙwaurinta ta maƙale shi. Sai hafsikod, mai kama da fiyano amma ba fiyano ba ne, shi fiyano guduma ce ke bugun tsirkiya, wannan kuwa wani ɗan tsinke ne ke tsakuro ta, a da ma da gashin tsuntsu ake yin tsinken, shi ya sa sautin ke fita siriri tsan tsan kamar garaya, kuma ko ka danna da ƙarfi ko a hankali kusan ɗaya ne. Suna kuma ɗaure sautinsu ƙasa da na zamani kaɗan, a ma'aunin tashin sauti, inda ƴan yanzu ke tsayawa a 440 su a 415 suke, na gwada da manhajar da nake saita kaya da ita kuma haka ta nuna, wannan ɗan saukin ne ke sa abin ya yi taushi a kunne.

Hanjin tumaki kuma ba ya son zafi ba ya son laima, fitilun ɗaukar hoto na dukansa sai ya saki, to bayan kowace waƙa biyu sai ka ga sun tsaya suna murɗe murɗe suna saitawa, kuma na ji daɗi da masu tace faifan ba su yanke wannan wurin duka ba.

Karo na uku ba ni kaɗai na kalla ba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tun muna yara muke ce masa Baba, a ƙuruciyarsa ya yi amshi da kiɗan kotso a wata ƙungiyar makaɗan fada kafin ya bari ya koma noman shinkafa a fadama. Na je na gaishe shi na ce Baba ina son ka zo ka ga wani abu ka gaya min ko kunnena ne ke yaudarata. Ya zo, na shimfiɗa masa darduma na haɗa manyan sifika biyu na rage murya daidai. Da aka zo wurin saita tsirkiyar nan sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, waɗanga makaɗa na gaskiya na. Mu ma da hunturu sai mun gasa fata ga wuta kahin mu shiga gaban sarki, abin da duk aka yi da dabba rai gare shi."

Daga nan bai ƙara cewa komai ba har aka zo wata waƙar Handel. Shi Handel Bajamushe ne, an haife shi a Halle a 1685, ya je Italiya ya koyo salon, ya ƙare a Landan yana rubuta ofera da Italiyanci wa Ingilishi, ya yi kusan arba'in, ya rasu a 1759, lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana yaro ɗan shekara huɗu ke nan, don ku gane tsufan abin da ake magana. Yawancin waƙoƙinsa tsari ɗaya gare su, a rera kashi na farko, a shiga na biyu mai wani yanayi daban, sannan a koma na farkon a maimaita shi. To a wannan komawar ce ake gane mawaƙi, don ba a yarda ka maimaita yadda ka yi da farko ba, sai ka ƙawata, ka ja inda ba ka ja ba, ka hau inda ba ka hau ba, kuma wannan ƙarin ba a rubuce yake ba, daga kanka zai fito. Ban yi wa Baba bayanin komai ba, amma mawaƙiyar na komawa farko ya ɗaga yatsa ya ce, "Ta koma ga gindi. Saurara ka ji, ba za ta aje shi yadda ta ɗauko shi ba." Kuma haka aka yi. Jikina sai da ya yi yar, mutumin da bai san kalma ɗaya ta Italiyanci ba, bai taɓa jin sunan ofera ba, ya riga ta sanin abin da za ta yi.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa nake rubutun nan. Mu in aka ce kiɗan turawa abin da ke zuwa mana a rai ko dai ganga mai tsalle tsalle ko kuma mutum ɗari sanye da baƙaƙen kaya wani na kaɗa musu sanda. Wannan ba haka yake ba, babu mai sanda ma, mai hafsikod ne jagora yana kiɗa yana ba da alama da kai da gira, sauran suna kallon juna suna jan numfashi tare, in mawaƙiya ta ja wata gaɓa ta ƙi saki sai ka ga mai tiyobo ya ɗaga hannu ya tsaya yana kallon bakinta, sai ta sauka shi ma ya sauka. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗan fada irin na ƙasar nan tamu, Kabi da Zamfara da Gobir, ya ga yadda ƴan amshi ke karanta fuskar jagora, yadda mai kotso ke jiran a ajiye ɗan waƙa kafin ya cike gurbin, to zai gane wannan nan take. Hatta takardar da ke gaban mai hafsikod ba duka aka rubuta masa ba, layin ƙasa ne kawai da wasu lambobi, sauran shi zai cike da hannunsa yadda ya ga ya dace da daren. Kuma asalin abin ma a fada ya taso, ofera ɗin wani mai tsara kiɗa, Monteverdi, da ake lissafawa cikin na farko farko a fadar Mantuwa ta ƙasar Italiya aka yi ta a 1607 don sarki da baƙinsa, sai a 1637 aka buɗe gidan da talaka zai biya kuɗi ya shiga a birnin Benis, shi ma a Italiya.

Kyamara ce ta sa na ga duk wannan, wanda ke zaune a layi na ashirin cikin ɗakin bai ga abin da na gani ba. Amma ita kyamarar ce kuma ta fi ba ni haushi a faifan. Mai haɗa hoton yana da son yawo. Ana tsakiyar komawa gindin nan, inda mawaƙiya ke yin abin da ba za ta ƙara yin irinsa ba, sai a ɗauke ka a kai ka kan fitilar rufi ko zanen bango ko wani tsoho cikin ƴan kallo ya rufe ido. Sau uku na ƙirga a waƙa ɗaya. Haba, ɗakin na da kyau mun gani tun farko, a bar mu da fuskar mai waƙa da hannun makaɗa mana. Tafin ƴan kallo shi ma an bar shi da ƙarfi fiye da kima, ka ƙara murya don ka ji waƙa mai sanyi, tana ƙarewa sai tafi ya faɗo maka kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, da hedfon har kunne yake sukan mutum. Wannan laifin mai miksin ne, shi kaɗai na kama shi da shi.

Namijin mawaƙin kuwa, gara in gargaɗe ku don kar ku yi zaton faifan ya lalace. Ƙato ne mai gemu, amma da ya buɗe baki murya ce siririya a sama irin ta mata. Matata na wucewa da tire ta tsaya ta ce wai wace ce ke waƙar ba a nuna ta. Ana ce wa irinsu kauntateno, horo ne na shekaru, da yake magana a ƙarshen faifan muryarsa ta maza ce sosai. Tarihin da ke bayan wannan ba mai daɗi ba ne. A wancan zamanin a Italiya yara maza masu zaƙin murya ake dandaƙewa kafin su balaga don kar muryar ta fashe, su girma da huhun babban namiji da muryar yaro, kuma su ne taurarin lokacin, manyan jarumai irin su Kaisar na Rum a ofera ɗin Handel ta 1724 irinsu aka rubuta wa. Ƴan kaɗan sun yi suna sun yi dukiya kamar Farinelli, da yawa kuwa an lalata musu rayuwa a banza ba su zama komai ba, yawanci ƴaƴan talakawa. Na ƙarshensu da aka sani, Moreschi, sai a 1922 ya rasu, har an ɗauki muryarsa a faifan garmaho. Da na gaya wa Baba wannan ya daɗe shiru sannan ya ce Allah ya isar wa yaran. Yanzu dai ko mace ta rera waɗannan wuraren ko irin wannan mutumin. A kunnena in yana ƙasa ƙasa a hankali muryarsa na da wani irin sanyi da ban taɓa ji ba, amma in aka zo wurin gudu da fushi sai ta yi ƙaranci, makaɗan su rufe shi, a nan mawaƙiyar ta fi shi nesa ba kusa ba.

Wurin gudun da ya fi burge ni na Vivaldi ne, mutumin Benis, 1678 zuwa 1741, limamin coci ne mai jan gashi da ya yi shekaru yana koyar da ƴan mata marayu kiɗa. Waƙar na kwatanta zuciya da jirgin ruwa da iska biyu ke fizga, kuma ko ba ka karanta fassarar ba za ka ji guguwar, gogunan na ta kaiwa da komowa, muryar matar na hawa da sauka cikin sauri kamar ana zazzaga tsaba a faranti kuma kowace ƙwaya a rarrabe, numfashi ɗaya. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yawuri iska ta taso ana tsakiyar ruwa zai san me ake nufi. Na maido wurin nan ya fi sau goma ina neman inda ta saci numfashi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa don mu Musulmi ne akasari masu karanta wannan. Waƙoƙi biyu a faifan daga Rinaldo suke, ofera ɗin da Handel ya fara yi a Landan a 1711, wadda aka ce har tsuntsaye masu rai aka saki cikin ɗakin a lokacin. Labarinta na yaƙin ƴan Salibiyya ne a Ƙudus, kuma yadda turawan wancan lokacin suka ga dama suka tsara shi, Musulmi ne abokan gaba, har da matsafiya a ɓangarensu, a ƙarshe ma wai sarkin ya bar addininsa. Da na karanta wannan a ɗan littafin da ke cikin kwalin raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Waƙar da aka tsinto ita kanta ba ta zagi kowa ba, wata yarinya ce da aka kama aka tsare take roƙon a bar ta ta yi kukan ƙaddararta ta yi begen ƴanci, kuma a jihohinmu da mutane da yawa ke da ɗan uwa da ya kwana a hannun ƴan bindiga a daji, ba sai an fassara wa kowa wannan kukan ba. Amma gara mutum ya san daga inda abu ya fito kafin ya so shi. Haka shigar mawaƙiyar, doguwar riga ce har ƙasa amma kafaɗu a buɗe, babu rawa babu wani abin assha, na faɗa ne don mai son kallo da iyali ya san abin da ke ciki.

Ta biyun daga Rinaldo ɗin ta yaƙi ce, da ƙahonni. A nan Baba ya gyara zama. Ƙahon nasu na da ne, doguwar tagulla da aka naɗe, babu maɓallan nan uku na ƙahon ƴan sanda, sai ƴan ramuka da ake toshewa da yatsa, sauran duk aikin leɓe ne. "Kakaki na aka lanƙwasa," in ji Baba. Ɗaya daga cikin masu busan ya ɗan goce a wata gaɓa, an ji, kuma ba a goge a faifan ba, shi ma wannan na yaba.

Fassarar ƙasan allo da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci ce kawai, kuma tana da rowa, layi ɗaya za a nuna a ɗauke alhali mawaƙin zai maimaita shi minti biyu, in ka kau da ido ya wuce ka. Ɗan littafin kuma rubutunsa ƙanana ne ƙwarai sai da na haska da tocilan waya. Amma a ciki na ga abin da ya tsaya min a rai, na kuma tambayi ƙanen matata ya tabbatar min. Ashe su ma turawan sun taɓa yar da wannan kiɗan. Daga 1754 ba a ƙara nuna ofera ɗin Handel ko ɗaya a dandali ba sai a 1920 a garin Gottingen na Jamus, shekara ɗari da sittin da wani abu ke nan. Kayan kiɗan ma an watsar an koma na zamani, sai bayan yaƙin duniya na biyu wasu irin su Harnoncourt, da ya kafa ƙungiyarsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1953, suka shiga tono tsofaffin kaya da tsofaffin littattafai suna koyon yadda ake kaɗa su tun daga tushe. Sun iya dawo da shi ne don an rubuta, kuma kayan na ajiye. Mu namu fa? Yau in aka kira ni biki cikin goma da wuya ka ga ɗaya da aka kawo kotso ko taushi ko goge na gaske, duk fiyano ne da filashi, ɗiyan makaɗan da na sani ƙalilan ne suka gaji iyayensu. Namu ba a takarda yake ba, a hannun irin su Baba yake da kawunansu, kuma ban taɓa ganin an ɗauki makaɗanmu na fada da irin wannan kulawar ba, makirfo mai kyau a inda ya dace, ɗaki shiru, kyamara a kan yatsun mai kotso. Abin da muke da shi yawanci tsofaffin kaset ne da bidiyon waya mai hayaniya. Kayan da za a yi wannan aikin ina da rabinsu a shagona, wannan tunanin ya hana ni barci a daren.

Waƙar ƙarshe kafin a tashi ta Purcell ce, Baturen Ingila da ya rasu a 1695 yana da shekara 36 kacal, ita kaɗai ce da Ingilishi a faifan. Sarauniyar Kartaj ce, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, take bankwana da duniya bayan wanda take so ya tafi ya bar ta. Celo da tiyobo ne ke fara wani ɗan layi mai gangarowa ƙasa taki taki, ya kai ƙarshe ya sake dawowa, sau goma sha ɗaya ba ya canjawa, muryar na yawo a kansa tana roƙon a tuna da ita amma a manta da abin da ya same ta. A nan kam mai kyamara ya natsu, ya tsaya a fuskarta bai motsa ba har ta gama, hawaye na gaske na gani a idon matar da ke riƙe da celo. Da aka ƙare ɗakin ya yi shiru na daƙiƙa kusan goma kafin wani ya fara tafi.

Wanda ke son kiɗan da zai sa yana tuƙi ko yana aiki, wannan ba nasa ba ne, zai gundure shi a minti biyar. Amma makaɗa da mawaƙa, masu situdiyo, ƴan uwana masu hayar sifika, da duk wanda ya tashi da waƙoƙin fada a rediyon gidansu, ina ganin ku nemi irinsa ku zauna masa da dare ko sau ɗaya ne. Ba lallai sai wannan faifan ba, in ka rubuta sunan Handel ko Vivaldi ko Purcell a YouTube za ka samu tarukan kiɗa irinsa da yawa cikakku, ka dai duba ka ga akwai dogon molon nan da hafsikod a cikin makaɗan, in akwai to ka faɗa hannun da ya dace, ka sauke shi lokacin da data ke araha ka kalla da hedfon.

Baba da zai tafi na raka shi har ƙofar gida, ya ce kar in mayar wa yaron nan faifansa, na ce ai kyauta ya ba ni. Ya ce to ranar Juma'a bayan la'asar zai dawo da wani abokinsa da ya yi busan kakaki shekara talatin, in ajiye musu wurin ƙahonnin nan daidai inda mutumin ya goce, yana son ya ji ko abokin nasa zai kama.